Tsiron da ke Fatar Idon Baba Sanda

Ku samarin da kuke wucewa ta gaban rumfata a Ƙauran Namoda, ina jin abin da kuke faɗa, kunnena bai mutu ba tukuna. In kun ga na ɗaure wa mutum tsiro a wuya, kafin ya gama ba ni labarin tsadar gero na ce masa ya tashi an gama, sai ku dubi juna kuna dariya, wai wannan ma har sana'a ce, ai ko yaro ya samu zare zai yi. To ku matso. Ni Iliyasu wanzami, wanda ake kira Ilu, na haura shekara arba'in da aska a hannu, kuma sau ɗaya tak na taɓa yin tunani irin naku. Saura ƙiris ya raba wani bawan Allah da idonsa, ni kuma ya naɗe mini tabarmata har abada. Wanzami ba ya da wani jari sai yardar mutanen da ke miƙa masa wuyansu. Ranar da suka daina miƙawa, askarsa ta zama wuƙar yankan albasa.

Tsiron da nake magana shi ne ɗan naman nan mai laushi da ke fitowa a wuya ko hammata ko fatar ido, yana reto kamar kaskar da ta ƙoshi. Ba ya ciwo. Sai dai wuyan riga ya goge shi, ko sarƙa ta kama shi, ko mai shi ya gaji da ganinsa a madubi. Ba shi ne tusar jaki ba, ita tauri gare ta da kaushi. Ba kuma tawadar Allah ba ce, wadda ke kwance baƙa a jikin fata. Wanda bai iya raba ukun nan da yatsa ba, bai kai a ba shi zare ba, balle aska.

A Zurmi na koyi aiki, wurin yayan mahaifina, Baba Sanda. Dogon mutum ne siriri, ba ya son surutu, hannunsa kuwa ko ƙuda ya sauka a kan aska ba ya motsi. Shekara biyu cur aikina wasa aska a dutse da goga ta a fata, da ɗaukar zabira, wato jakar fatar da muke zuba kayan aiki. Sai ya shafa wa bayan ƙwarya sabulu ya ce in aske, in na bar zane ko ɗaya a jikinta in sake. Amma babban abin da na koya a wurinsa, a fuskarsa yake. Baba Sanda yana da tsiro a fatar idonsa ta hagu, can gefe, girmansa kamar ƙwayar dawa. Duk kasuwar da muka je sai an tsokane shi, a ce wanzamin da ya raba rabin ƙasar Zurmi da tsiro ya kasa raba kansa da ƙwaya ɗaya. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ku bar shi nan. Wanga allona na."

Gaskiya ya faɗa, a kansa muka yi karatu. Wata rana da hantsi ya sa na wanke hannu da sabulu har sau biyu, ya zauna, ya ce in rufe idona in taɓa.

"Mi kaj ji?"

Na ce, "Tsiro, Baba."

"Ko jaki ya san tsiro na. Sake taɓawa. Mi kaj ji?"

Mun fi sati muna haka, ni ina jin haushi, shi ko a jikinsa. Sai ranar da yatsana ya zame ƙasa, na ji wurin da naman ya tsuke kafin ya haɗu da fata, siriri kamar tsinken tsintsiya. Na ce, "Baba, yana da wuya." Ya buɗe ido ya ce, "Yawwa. Mai wuya namu na. Wanda yaz zamna da gindi awa tulu, ko baƙi mai canza kama, ko mai zubda jini ba a taɓa shi ba, ba namu na ba. Ka ce ma mai shi ya tahi asibiti, ko da zai zage ka." Ya ƙara mini da mai ciwon suga, da mutumin da in ƙaya ta soke shi jini ba ya tsayawa da wuri. Su ma ba namu ba ne.

Wani Bafulatani daga Jangeru shi ne na fara ganin an ɗaure wa tsiro tun daga farko har ƙarshe. Ya zo kasuwa da shanu, ya kwance rawani, sai ga su a jere a wuyansa har goma sha ɗaya. Shi so yake a kwashe su duka a ranar, don ba ya son barin dabbobi. Baba ya ce uku zai ɗaure, sauran sai wata kasuwar, don jiki ba ya son a buɗe masa ƙofofi da yawa lokaci ɗaya. Ya ɗauko wani ɗan gwangwani daga zabira, ya zaro gashin wutsiyar doki guda, baƙi, wanda aka riga aka tafasa aka shanya. Ya ɗaga tsiron da hantsaki, ya zagaya gashin daidai tushen wuyan, ya ƙulla sau biyu, ya ja har mutumin ya ce "wash", ya datse abin da ya yi saura. A kwana na uku tsiro yake yin baƙi, kafin sati ya bushe ya faɗi da kansa, sau da yawa mai shi bai san inda ya faɗi ba. Mutumin nan kasuwa huɗu ya yi yana dawowa, a ta ƙarshe ya zo wa Baba da man shanu cikin ɗan kwano. Gashin dokin kuwa daga Katuru Baba yake samowa, wurin wani abokinsa mai ingarma. Shi da kansa yake zuwa ya zaɓa, ba ya aike.

Ban taɓa tambayarsa me ya sa sai gashin doki ba. Ku riƙe wannan, don a nan na faɗi. Na ɗauka al'ada ce kawai, irin abubuwan da tsofaffi suka gada suke yi ba su san dalili ba.

Akwai ƙananan da ba su kai a ɗaure ba, masu kama da ƙwayar gero. Waɗannan aska ce maganinsu: ka ɗaga, ka shafta sau ɗaya, ka danne da garin bagaruwa har jini ya tsaya. Sau ɗaya na ce, domin wanda ya shafta sau biyu yanka ya yi. Akwai kuma ƙuna da tsinken ƙarfe da aka gasa ya yi ja. Baba ya iya, amma a shekarun da na yi tare da shi bai fi sau biyar na ga ya yi ba, don yana barin tabo, kuma ƙaurin naman mutum ba abin da ake so a ji a rumfa ba ne. Abin da ya tsana shi ne shafe-shafe. An taɓa kawo wata baiwar Allah daga Sakajiki, wata maƙwabciyarta ta ba ta shawarar ta ɗiga farin ruwan icen tinya, mai ƙona fata, a kan tsiro. Tsiron ya tafi, ya tafi da fatar wuya faɗin tafin hannu. Matar Baba, Inna Kulu, wadda ya koya wa ɗauri don ta riƙa yi wa mata a cikin gida, wata biyu tana wanke mata gyambon. Haka masu kwaɓa kanwa da toka suke yi wa kansu. Ruwan nan bai san inda tsiro ya tsaya fata ta fara ba.

Da na kai munzali Baba ya sallame ni da zabira sabuwa, aska uku, ƙaho biyu, da gwangwanina na gashin doki. Na kafa rumfa a Ƙaura kusa da tasha. Lokacin da aka yanke mana Jihar Zamfara daga Sakkwato na ga kasuwa. Ma'aikata suka dawo gida, motoci suka yawaita, direbobi da 'yan kamasho da fatake duk a tabarmata suke aski. Ga suna, ga kaciya, ga ƙaho. Har na fara jin cewa ni ma wani ne.

Sai shari'a ta zo. Mun yi murna kamar kowa, ni ma har muryata ta dishe da kabbara. Bayan an natsa ne muka lura gemu ya samu 'yanci. Mutumin da nake kankare wa haɓa duk Juma'a sai ya wuce ta gaban rumfata yana shafa sabon gemunsa, ya ɗaga mini hannu daga nesa kamar surukinsa. Ba na ce laifi ba ne, sunna ce, ni ma na bar nawa. Amma tuwon gidana a haɓar mutane yake. A daidai lokacin kuma samari irinku suka buɗe shagunan aski da inji da janareta da hotuna a bango, rediyo kuma kullum tana gargaɗi a kan aska ɗaya ga mutum da yawa. Wannan gargaɗin gaskiya ne, tun lokacin nake tafasa askata, wanda ya fi so kuma ya sayo sabuwar reza in yi masa da ita. Sai dai mutane sun riga sun tsorata. A wannan shekarar akwai ranar da tun safe har la'asar kai biyu na aske, ɗaya ma na ɗana ne.

Cikin wannan hali Ɗan Jumma ya zo. Direba ne, yana jan wata tsohuwar fijo tsakanin Ƙaura da Shinkafi, mutum mai fara'a, mai yawan tsokana. Yana da tsiro a fatar idonsa ta dama, ya girma har ya fara saukowa kan gashin ido. Ya ce mini, "Wanzam, ka taimake ni. Abin ga shina yi min inuwa bisa hanya. Shekaranjiya saura kaɗan in kwashe wani mai jaki. Mai mota ya ce ko in cire shi ko in aje makulli."

Na wanke hannu na taɓa. Wuyansa siriri, mai kyau, irin wanda Baba ke cewa namu ne. Da a shekarun baya ne, aikin fatar ido Zurmi nake kaiwa, in tsaya a gefe in kalli Baba. Amma ranar sai zuciyata ta ce, shekara ashirin kana aiki, har yaushe za ka riƙa kai wa tsoho abincinka? Na buɗe gwangwani, wayam. Gashin ya ƙare tun watan jiya, ban je Katuru ba, don ina ganin ba aikin da zai sa in yi tafiyar. A rumfar da ke jikin tawa akwai tela. Na miƙa hannu na ce ya gutsuro mini baƙin zare. A raina na ce zare ai zare ne, baƙi ne, siriri ne, ya ma fi gashin doki daɗin ƙulli.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ɗaurin ya yi kyau. Daidai tushe, ƙulli biyu, ban taɓa ko gashin ido ɗaya ba. Na ce masa ya dawo bayan sati ya ba ni labari.

A kwana na huɗu abokan aikinsa biyu suka kawo shi, suna riƙe da hannunsa. Idon ya kumbura ya rufe ruf kamar zuma ta harbe shi, fatar ta yi ja tana ƙyalli, mugunya na tsattsafowa. Zaren ya nutse cikin nama, ko ganinsa ba a yi. Tsiron bai mutu ba, bai kuma rayu ba. Kafin in buɗe baki tasha ta taru a kaina. Na ji wani daga baya yana cewa, "To, yanzu dai zamanin shari'a na. In idon ga ya mutu, sai wanzami shi shirya nashi." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Ban san me alƙali zai ce ba da an je, ba a kuma je ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, da kunya da ta fi tsoron.

Abu ɗaya na yi daidai a ranar: ban sa aska na tono zaren ba, ko da yake hannuna ya yi ta ƙaiƙayi. Na roƙi ɗaya daga cikin direbobin ya ja mu zuwa Zurmi. Mun isa bayan azahar, muka tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙaho. A lokacin ya tsufa, ya rage fita kasuwa. Ya sa aka fito da Ɗan Jumma haske, ya daɗe yana kallon idon, bai taɓa ba. Sannan ya tambaye ni da me na ɗaure. Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Na jira faɗa, bai zo ba. Sai ya juya ga mara lafiya.

"Ɗana, kana salla?"

Ɗan Jumma, duk da azabar da yake ciki, sai da ya ji haushi. "Haba Baba! Sau biyar, ko bisa hanya nike sai na tsaya."

"Madalla. Kana wanke huska ke nan sau biyar, ko wace alwala sau ukku." Ya dube ni. "Ilu, lissafa. Zaren auduga ruwa shika sha. In ya sha shi kumbura, in ya bushe shi saki, ya ɗaure bai ɗaure ba. Ga zuhwa, ga dauɗar hanya, dut shina riƙe da su cikin rauni. Gashin doki ba shi shan ruwa. Yadda ka ja shi, haka zai zamna har abin shi hwaɗi. Mutanenmu masu alwala na, shi ya sa kakanninmu sunka zaɓi doki."

Shekara ashirin ina ɗaura gashin nan, sai a ranar na san abin da nake ɗaurawa. Na ce, "Baba, ban sani ba." Ya ce, "Ban gaya maka ba, kai ko ba ka tambaya ba. Laihin namu na mu biyu."

Ya shiga gida ya sako babbar riga. Na ɗauka magani zai ɗauko, sai na ji ya ce wa direba a juya mota zuwa asibiti. Ku sani, Baba Sanda bai taɓa kai kansa asibiti ba, kuma a zamaninsu wanzami ya raka mara lafiyarsa can tamkar ya tsaya tsakiyar kasuwa ne ya ce na kasa. Shi ko ya shiga gaba, da sandarsa, ya sami malamin asibitin ya ce, "Ni wanzami na. Wanga ɗana na, ni na koya mai aiki. Ya ɗaure tsiro da zaren tela, ya ruɓe, yau kwana huɗu. Ba mu sa mai komi ba. Ya hi ƙarhinmu." Bai ɓoye komai ba, bai kuma ƙara komai ba. Malamin ya ce wannan bayanin ya rage masa rabin aiki, don yawanci sai an yi ta jan mutane kafin su faɗi abin da suka shafa.

A nan na ga aikin wasu, na kuma sara musu. Malamin ya wanke idon, ya nemo zaren da wani hantsaki da bai kai rabin nawa ba, ya zare shi. Aka yi ta allura da magani har kumburin ya saɓe. Bayan kwana goma ya kashe wurin da 'yar allura, ya datse tsiron da ɗan almakashi, Ɗan Jumma yana ba shi labarin hanyar Shinkafi bai ma san an gama ba. Malamin ya gaya mini a manyan asibitoci har da na'urar da ke ƙone shi da lantarki, da wadda ke daskarar da shi da sanyi ya faɗi. Ido ya tsira. Sai ɗan tabo a fatar, da gashin ido uku ko huɗu da ba su sake fitowa ba. Ɗan Jumma ya koma motarsa, ya kuma yafe mini tun kafin in gama roƙo.

Tasha ce ba ta yafe ba. Aka sa mini suna Ilu mai zaren tela. Wanda duk ya nufo rumfata sai wani ya ce masa, "Ka kai wuyanka a yi maka kalmasa?" Tabarmata ta yi sati shida ba wanda ya zauna sai kaji. Na koma bin kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ina ganin can ba a san ni ba. Na manta direbobi ne ke kai labari, kuma sun riga ni isa. Sai in shimfiɗa tabarma a ƙarshen layin wanzamai, in wasa askar da ba ta aske komai ba, in naɗe in dawo. Na riga na yi magana da wani mai albasa zan fara bin sa Kudu. Na ce Alhamis ɗaya ta rage, daga ita na rataye zabira.

A wannan Alhamis ɗin, da hantsi, kasuwa ta cika maƙil, sai na hango dogon mutum da sanda yana ratso layin wanzamai. Duk wanda ya wuce sai ya miƙe ya gaishe shi, don babu mai aska a ƙasar nan da bai san Baba Sanda ba. Kowa na nuna masa tabarmarsa, shi ko bai tsaya ba sai a tawa. Bayansa Ɗan Jumma ne, shi ya ɗauko shi tun daga Zurmi. Baba ya cire takalmi, ya zauna, ya tuɓe hula ya miƙa wa Ɗan Jumma. Mutumin da ba ya ɗaga murya, ranar sai da masu awo suka ji shi.

"Ilu! Abin ga na idona ya ishe ni. Cire min shi."

Ya zaro ɗan ƙullin takarda daga aljihu ya ajiye a gabana. Gashin doki ne, baƙi, an tafasa.

Na durƙusa na rage murya na ce, "Baba, allonka na hwa. Shekara nawa kana hana a taɓa shi."

Ya ce, "Na ƙare koyarwa. Kai na na ƙarshe, kuma ba ka sauke ba tukuna. Wanke hannu."

Kafin in gama wanke hannu an kewaye mu. Wanzamai sun bar kawunan da suke askewa rabi da rabi, masu kan ma sun taso da kumfa a ka. Na ji ana cewa, "Shi na mai zaren tela," wani kuma na cewa, "Tsohon ga ya gaji da idonai." Na ɗauki hantsaki, na tsaya ina kallon tsiron. Da a ce zan iya gudu da na gudu. Baba ya rufe ido, ya ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Aje ƙarhen ga tukuna. Ruhe idonka. Mi kaj ji?"

Na rufe ido na taɓa. Yana nan inda na bar shi ina yaro, siriri kamar tsinken tsintsiya. Na ce, "Wuya, Baba."

"To mi kaka jira?"

Na buɗe ido, na sake ɗaukar hantsaki. Na ɗaga, na zagaya, na ƙulla sau biyu, na ja, na datse. Ko motsi bai yi ba. Da na ce an gama, sai ya ce a ba shi buta. Lokacin salla bai yi ba, amma a nan gaban jama'a ya yi alwala cikakkiya, ya kwarara wa fuskarsa ruwa sau uku, har yana gangarowa ta gemu. Ya karɓi hularsa ya ce wa taron, "Alhamis mai zuwa ina nan. Wanda ke son kallo shi zo."

Satin nan ban san ɗanɗanon abinci ba. Sau biyu na je Zurmi duba shi, sau biyu yana korata, wai in je in nemi abin yi. Ranar Alhamis ya dawo, ya zauna a tabarmata, ya ɗaga fuska sama. Fatar idon sumul, sai ɗan ɗigo fari da ba ka gani sai ka matso. Mutane suka yi ta leƙawa kamar ana kallon sabon wata. Ɗan Jumma ya fi kowa baki, yana nuna tabonsa yana nuna idon Baba yana cewa, "Ga na tela, ga na doki, hannu guda ya yi su!" Wani dillalin shanu mai ƙaton wuya ne ya fara cire hula ya zauna. Bayansa mutum huɗu. Baba bai tashi ba sai da na gama da na ƙarshe, yana zaune a gefe yana cin goro kamar bai san ni ba.

Da zai tafi ya damƙa mini ƙullin takarda. Na buɗe, sai ga ɗan abin, ya bushe ya yi baƙi kamar ƙwayar barkono, gashin dokin na nan ɗaure a wuyansa. Ya ce, "Na nuna musu ka iya. Yanzu ji nan. Daga yau, na hwatar ido asibiti za ka tura. Mun gani da idonmu, sun hi mu kayan aiki. Wuya da hammata sun ishe ka ci da ɗiyanka." Tun daga ranar ban sake ɗaure tsiro a fatar idon kowa ba. Nasa ne na ƙarshe. Inna Kulu ta ce ta fi wata tana kallon fuskarsa tana jin kamar an canza mata miji. Bai ƙara shekara biyu ba Allah ya karɓi abinsa, kuma har ya rasu bai taɓa tayar mini da maganar zaren tela ba. Ban san mutumin da ya kai shi ba, a cikin masu aska da waɗanda ba su riƙe ta.

Ƙullin takardar yana nan cikin gwangwanina, tare da gashin doki, wanda yanzu ni da kaina nake zuwa in zaɓo tun kafin ya ƙare. Ga kuma wannan da kuke gani a gefen wuyana, da ya fito mini shekara bakwai da suka wuce. 'Ya'yana sun dame ni in je asibiti a datse shi, wai abin kunya ne wanzami da tsiro. Na ce su bar shi nan. A cikinku duk wanda har yanzu yake ganin aikin nan ɗaurin zare ne kawai, ga sabulu, ga buta. Ya wanke hannu sau biyu, ya rufe ido, ya zo ya gaya mini abin da ya ji.